Ku Tambayi Likita: Wiwi, huhu da ƙwaƙwalwa

Wasiƙun wannan makon duk a kan tabar wiwi suke, kuma ba mu yi mamaki ba. Binciken da UNODC, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ta gudanar tare da gwamnatin tarayya a 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 10.6 ne ke shan wiwi a Najeriya. Dokar ƙasa ta hana, malamai sun haramta, mu ma a asibiti shawararmu ta farko ita ce a daina. Amma wanda bai samu ikon dainawa yau ba, muna son ya kai ranar da zai daina da huhunsa da hankalinsa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Shekarata 24, ina walda a Ƙofar Ruwa. Shekara biyar ke nan ina shan wiwi, naɗi huɗu ko biyar a rana, ina haɗawa da sigari. Sau biyu na gwada bari na kasa. Yanzu kullum da asuba sai tari da kaki mai duhu. Abokaina sun ce in koma tukunyar shisha ko in riƙa dafawa a shayi, wai ya fi sauƙi. Ina mafita? (Wani matashi daga Kurna)

AMSA: Wa'alaikumus salam. Sannu ɗan'uwa, kuma ka yi ƙoƙari da ka faɗi gaskiyar adadin da kake sha.

Mu fara da tarin. Duk tarin da ya kai mako biyu sai an gwada kakin, musamman idan akwai rama, zufar dare ko jini. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Muna faɗar haka ne domin masu shan wiwi kan cunkushe a kango ko ƙaramin ɗaki a rufe taga, naɗi ɗaya yana zagayawa baki shida, kowa na tari a fuskar ɗan'uwansa. Babu inda ƙwayar cutar ta fi jin daɗin yaɗuwa kamar nan. Kai kuma ga hayaƙin walda, ga ƙurar hunturu. Huhu ɗaya ake wa wannan taron dangin.

Sai ka raba wiwi da sigari tun daga yau. Nikotin da ke cikin sigari ya fi wiwi saurin kama mutum, kuma wani ɓangare na ƙaiƙayin da ya mayar da kai a karo biyun nan nasa ne. Muddin suna cikin naɗi ɗaya, jaraba biyu kake yaƙa a lokaci guda.

Ka bar riƙe hayaƙi a ƙirji. Matasa da yawa sun ɗauka cewa idan aka zuƙa da ƙarfi aka danne numfashi an fi caji. Sinadarin THC, wanda shi ke sa maye, yana shiga jini ne cikin 'yan daƙiƙun farko. Abin da ake ƙarawa da dannewar shi ne kwaltar hayaƙi da iskar guba, kuma jirin da ake ji na ƙarancin iska ne. Wannan zuƙar mai zurfi tana iya fasa wani ɓangaren huhu, iska ta taru a cikin ƙirji. Alamarsa ciwo mai suka a gefe ɗaya farat ɗaya, da numfashi sama-sama. Wanda ya ji haka ya wuce asibiti a lokacin, kada ya tsaya neman man zafi.

Kada ka naɗa da takardar jarida, ta siminti ko ta littafi, domin tawada da sinadaran jikinsu kake ƙonawa ka shaƙa. Kada ka zuƙe har ƙarshen guntun da ke ƙona yatsa, nan dattin ya fi taruwa. Ganyen da ya yi danshi, yana warin rima ko ka ga farin fumfuna kamar saƙar gizo a jikinsa, zubar da shi. Fumfunar tana iya kama huhu, kuma haɗarin ya fi yawa ga mai asma ko mai raunin garkuwar jiki.

Batun shisha, abokanka sun yi kuskure. Ruwan tukunyar sanyaya hayaƙin yake yi, ba ya tace shi, sanyin kuma yana sa ka zuƙa fiye da ƙima, ga gawayin yana ƙara maka iskar guba. Shayi kuwa ya huta da huhu, gaskiya ne, amma yana da nasa tarkon. Hayaƙi yana bugawa cikin mintuna, abin da aka ci ko aka sha kan ɗauki minti 30 zuwa awa 2 kafin ya fara aiki, ya kuma jima awa 6 ko fiye. Mutum ya sha kofi ɗaya ya ji shiru, ya ƙara na biyu, sai duka su taso masa tare: bugun zuciya, firgici, amai, ganin kamar mutuwa ta zo. Ga shi ba ka san me mai shayin gadagi ya jefa a butarsa ba. Idan da zaƙami ko tiramol a ciki, maganar ta wuce ta wiwi. Ba mu ba ka shawarar wannan hanyar ba.

Ga yadda za ka rage. Mako na farko ka rubuta kowane naɗi da lokacinsa, kada ka canza komai. Mako na biyu ka cire na safe, ka ƙudurta ba za ka kunna ba sai bayan an tashi daga aiki. Wannan kaɗai ya raba ka da riƙe injin yankan ƙarfe cikin maye. Daga nan ka riƙa zubar da naɗi ɗaya duk mako har ka koma ɗaya, sannan ka fara tsallake kwana. Ranar da ka bari gaba ɗaya, ka san abin da ke tafe: daga kwana 1 zuwa 3 za ka fara jin saurin fushi, rashin barci, rashin cin abinci, zufa da munanan mafarkai. Abin yana tsananta a makon farko, ya lafa wajen mako biyu, barcin ne kan ɗauki wata guda kafin ya daidaita. Ba ya kisa, kuma yana wucewa. Da yawa daga masu komawa a cikin makon farkon nan suke komawa, suna zaton haka za su dawwama. Kada ka nemi ƙwayar barci a kemis don ka samu sauƙi, nan mutane da yawa suka gudu daga tsalle suka faɗa rami. Kuma ka ƙaurace wa majalisar da ake sha na tsawon wata guda aƙalla.

TAMBAYA: Likita, maigidana yana shan abin nan kullum fiye da shekara goma. Duk bayan 'yan makonni sai ya kama amai ba ƙaƙƙautawa da ciwon ciki, ba ya samun sauƙi sai ya yi ta wanka da ruwan zafi. An yi maganin olsa da taifot, shiru. Kuma ina da ciki wata biyar. (Wata baiwar Allah daga Sheka)

AMSA: 'Yar'uwa, wankan ruwan zafin nan da kika ambata shi ne ya ja hankalinmu. Akwai ciwon amai da ke kama waɗanda suka daɗe suna shan wiwi kullum, kuma alamarsa ke nan: ya zo ya tafi, maganin amai na yau da kullum bai cika tasiri ba, mutum ya wuni yana dafa ruwa. Abin takaici shi ne mai ciwon yakan ƙara sha yana ganin zai tsayar masa da tashin zuciya, alhali wiwin ce ke kawo shi. Maganinsa bari gaba ɗaya, ragewa ba ta wadatarwa. Ya je a duba shi, kuma ya gaya wa likita yana sha, in ba haka ba za a ci gaba da bin olsa ana kashe kuɗi a banza. Lokacin da aman ya tashi, ki haɗa masa ruwan gishiri da sukari na leda ɗaya a lita ɗaya, ya riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. Idan fitsari ya ɗauke ko ya yi duhu sosai, ko komai ba ya zama a cikinsa, a kai shi a yi masa ƙarin ruwa, domin ƙoda tana iya taɓuwa.

Ke kuma, kada ya sha a ɗakin da kike kwana ko inda yara suke. Sinadarin yana ratsa mahaifa. Ya fita waje, ya wanke hannu da baki, ya sauya riga kafin ya ɗauki jariri idan Allah ya sauke ki lafiya.

TAMBAYA: Ɗana mai shekara 17 ya fara shan wani abu wai kolos. Kwana uku ba ya barci, yana magana shi kaɗai, yana cewa maƙwabta na bin sa. Dangi sun ce a ɗaure shi a kai gidan mari. (Wata uwa daga Ɗorayi)

AMSA: Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Don Allah kada a ɗaure shi, kada a doke shi. A kai shi asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa na Dawanau ko sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yau ɗin nan. Addu'a da magani ba sa karo da juna.

Abin da ake sayarwa da sunan kolos ko Colorado sau da yawa ganye ne da aka fesa wa sinadarin da aka haɗa a masana'anta. Ya fi wiwi ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma ba a fesa shi daidai, ƙulli ɗaya na iya zama lami, na kusa da shi ya jefa yaro cikin farfaɗiya ko ya taɓa masa ƙoda da zuciya. Babu adadinsa da za mu kira mai sauƙi.

Shekarunsa su ne suka fi damun mu. Ƙwaƙwalwa ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25. Cikin masu shan wiwi, kusan 1 cikin 10 ne jaraba ke kamawa, amma ga waɗanda suka fara tun suna ƙuruciya adadin ya kai 1 cikin 6. Wani babban bincike da aka buga a 2019, wanda aka yi a biranen Turai da Burazil, ya gano cewa mai sha kullum ya ninka wanda ba ya sha sau uku wajen haɗarin taɓin hankali, idan mai ƙarfi yake sha kuma kusan sau biyar. Idan akwai mai irin wannan lalurar a dangin uwa ko uba, ki faɗa wa likita, kuma yaron ba shi da sauran halin ko ɗanɗanawa.

Kafin ku isa, a kawar da wuƙa da duk abu mai kaifi, a rage taron mutane a kansa, mutum ɗaya da ya yarda da shi ya riƙa yi masa magana a hankali. Kada a yi masa gardama kan maƙwabtan, a ce masa kawai an ga yana cikin tsoro kuma ana tare da shi. Idan kun samu ragowar abin da ya sha, ku gaya wa likita kamanninsa da sunan da ake kiransa. In ya faɗi yana jijjiga, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali ko ruwa a baki.

TAMBAYA: Ina tuƙa adaidaita sahu. Idan na ɗan busa da safe na fi jure rana da cunkoso. Akwai laifi ga lafiya? (Ɗan sahu daga Rijiyar Zaki)

AMSA: Akwai, Malam, gare ka da fasinjojinka. Wiwi tana jinkirta ƙafa wajen taka birki, tana ɓata lissafin tazara, kai kuma kana jin kamar ka fi kowa nutsuwa. A shataletalen Ɗangi ko Ƙofar Nassarawa rabin daƙiƙa ya isa a yi asarar rai. Bayan shan hayaƙi ana buƙatar aƙalla awa 6 kafin a kama kan mashin, bayan na ci ko na shayi kuwa ranar ta tafi. Tana kuma ƙara bugun zuciya da 20 zuwa 50 a minti, don haka idan kana da hawan jini ko ka taɓa jin nauyi a ƙirji, ka je a auna ka cikin makon nan. Gajiyar rana kuwa, ka ajiye gorar ruwa a gefenka, ka yi kalaci kafin ka fito, ka kuma samu inuwa ka huta rabin awa bayan azahar.