Tarkon waya ya kama karyata a ƙafa, an ce in bar ta ta lashe ciwon

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni mafarauci ne daga wani ƙauye gabas da Mirya, ina da karnuka huɗu. Shekaranjiya mun fita farautar zomo a dajin da kowa ke kiwo a cikinsa, sai tarkon waya ya zarge karyata a ƙafar gaba. Tun hantsi ta ɓace mana, sai bayan la'asar muka same ta. Muka kwance ta, ta taka ta biyo mu har gida tana ɗingishi. Manyanmu sun ce in ƙyale ta, yawun kare shi ne maganinsa. Wani kuma ya ce in zuba baƙin mai. Yau ƙafar ta kumbura, ta ƙi abinci. Ita ce uwar garkena, hankalina a tashe yake. Me zan yi mata, kuma yaya zan tsare sauran?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba ta lafiya. Kada ka bari ta sake kwana ba tare da likitan dabbobi ya gan ta ba. In babu wanda ya iya ɗinki a kusa da ku, ka kawo ta Damagaram, Mirya ba nisa gare ta ba.

Kafin ka taso, ɗaure mata baki da tsumma, domin kare mai jin zafi ba ya gane ubangijinsa. Sannan ka taɓa tafin ƙafar da ke ciwo, ka taɓa na mai lafiya. In na ciwon ya fi sanyi, ko ka mintsini tsakanin yatsun ba ta janye ba, ko fatar ta soma baƙi tana wari, to jini ba ya isa can, kuma kowace sa'a tana da lissafi. Aske gashin da ke kewaye da wurin, ka duba da kyau, don sau da yawa wani silin waya yakan tsinke ya nutse cikin nama, gashi ya rufe shi. Wanke da ruwan da aka tafasa ya huce, a zuba ƙaramin cokali ɗaya na gishiri cikin rabin lita. In kana da zuma tsantsa ka shafa, ka rufe da tsumma mai tsabta, ɗaurin da yatsa zai iya shiga ƙarƙashinsa. Iyakar aikinka ke nan.

Yanzu bari in dawo kan maganar manyanku, da girmamawa, domin ita ce take kashe karnukan farauta a ƙasar nan fiye da wayar kanta. Kullum sai na ji ta: "Ai ya taka, kuma yana lasa, zai warke." Ɗan'uwa, ciwon tarko ba irin yankan ƙaya ko na kwalba ba ne. Yanka yana waje guda, jini yana zuwa masa ta ko'ina. Waya kuwa zagaye ƙafa take, duk fizgar da kare ya yi tana ƙara shaƙewa. Jijiyoyin da ke mayar da jini su ne suke fara toshewa, sai ƙafa ta kumbura, kumburin ya ƙara matse wayar, daga nan masu kawo jinin ma su toshe. Tsoka ba ta jure rashin jini fiye da 'yan sa'o'i, wajen huɗu zuwa shida ta soma mutuwa. Karyarka ta yi daga hantsi zuwa la'asar. Ka lissafa.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne naman da ya mutu ba ya nunawa a ranar. Ka san itacen da aka sassaƙe wa ɓawo aka zagaye shi: ganyensa na nan kore shar na ɗan lokaci, mai wucewa ba zai ce komai ya same shi ba, alhali an gama da shi. Haka ƙafar take. Kare zai taka ranar farko don yana son bin ubangijinsa gida, ko da ƙafa uku ne zai bi. Sai tsakanin kwana uku zuwa bakwai fata ta yi baƙi, ta saɓule, a ga jijiya da ƙashi a fili. A lokacin ne ake kawo mana shi cikin buhu, ana cewa "Likita, a taimaka." Abin da da wanki da ɗinki da allura za su gyara ya koma sai an yanke ƙafa, kuma kai ka fi ni sanin abin da ake yi da karen farauta mai ƙafa uku.

Shi kuma yawun, me ke cikinsa? Bakin da ya ci mushe, ya tona juji, shi ne za a ce ya zama asibiti? Gaskiya ce lasa tana ɗauke ƙasa daga ɗan ƙarjewa, daga nan camfin ya samo gindi. Amma harshe ba ya buɗe jijiyar da ta toshe. Kullum yana jiƙa ciwon, yana kankare sabon naman da ke son tsirowa, yana cusa ƙwayoyin cuta cikin rami. In jijiyar ji ta mutu ma, kare yakan tauna yatsunsa da kansa don ba ya jin su. Ga ƙuda, wanda kan yi ƙwai a ciwo, kafin kwana ɗaya tsutsa ta ƙyanƙyashe. Duk wannan yana faruwa mai kare na zaune yana jiran yawu ya yi aiki.

Baƙin mai kuwa guba ne, yana ƙona nama, kare kuma ya lashe shi ya haɗiye. Haka garin batir, haka toka, haka fiya-fiya da wasu ke ɗigawa don kashe tsutsa su kashe karen gaba ɗaya. Sai masu tallar magani a faranti, waɗanda ba su taɓa auna kare ba amma suna da ƙwayar kowane ciwo. Su ne ke ba mutane diklofenak da ibuprofen a murƙushe wa kare cikin tuwo. Waɗannan suna huda cikin kare, suna lalata ƙoda, ka ga yana amai da baƙin kashi. Farasitamol in ya yi yawa hanta yake ci. Taramol kuwa, da na ji wasu samari na ba karnuka don su ƙara gudu, wallahi zalunci ne. Maganin zafi na kare yana nan, amma da nauyinsa ake aunawa.

Na san abin da ke hana wasu zuwa: kunyar a gan su ɗauke da kare cikin gari, ga ɗan kabu-kabu ya ƙi ɗauka. Wannan kunyar ba ta da tushe. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta mana abin da horarrun dabbobin farauta suka kamo, kuma ya tabbata a hadisi cewa an gafarta wa mutum don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Dabbar da ta ciyar da gidanka da nama tana da hakki a kanka ranar da ta faɗi. Wanda kuma ya ɗana waya a dajin jama'a ya tafi kasuwa kwana biyu bai leƙa ba, ya sani waya ba ta zaɓe: tana kama zomo, tana kama ɗan akuyar makiyayi, tana kama ƙafar yaro mai neman itace. Zai amsa tambaya a kai.

Batun tsare sauran, wayar birkin babur da ta keke ce ta yi yawa yanzu, don tana da araha kuma ba ta tsinkewa. Wuƙa ba ta yanka ta, filaya mai dakusasshen baki ma tauna ta kawai take yi. Nemi mai yanke waya sosai, ka gwada ta a gida a kan tsohuwar wayar birki, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ta zauna a cikin jakarka tare da igiya da tsumma. In a wuya waya ta kama, mintuna kaɗan gare ka: kada ka ja karen wajenka, tura shi wajen turken don wayar ta saki, sannan ka yanke ko ka tuge turken. In tarkon ƙarfe ne, rufe masa kai da riga, ka taka hannun tarkon da ƙafarka har bakin ya buɗe, kada ka fizgi ƙafar. Karen da ya saba da igiya tun yana kwikwiyo yakan tsaya in ya ji abu ya riƙe shi, wanda bai saba ba shi ke fizga har ya shaƙe kansa. Ka saba musu da ita, kuma ka koya musu dawowa da kira ɗaya.

Mai tarko da karenka hanya guda suke nema, wato turbar zomo. Ka kula da kafar shinge a lambunan Korama da na bakin tafkin Gidimuni, da mashaya idan rani ya yi nisa, da bakin rami, da duk inda ka ga an jera ƙaya an bar 'yar ƙofa. A irin wuraren nan karnuka su kasance a igiya. Rataya wa mai nisan kiwo ƙararrawa, kuma duk wanda ya ɓace a tsayar da farauta a neme shi nan take. Mushe a daji kada su kusance shi, don akwai masu barbaɗa maganin ƙwari a kai saboda dila. Dalala da karkarwa bayan cin mushe alamar guba ce, madara ba ta karya ta, sai allura.

Dokar farauta ta Nijar mai lamba 98-07 ta 1998 ta hana farauta da guba, da wuta, da raga, da rami, da farautar dare. Gandun gwamnati irin na Takeita kuma kada ka shige shi da karnuka sai ka tambayi ma'aikatan gandun daji. Wayoyin da ka gani ka kai maganarsu ga sarkin dawa da mai gari, kada ka tare mai tarkon kai kaɗai a daji.

In za ka taho da ita, shimfiɗa ta a kan tabarma, ƙafar mai ciwo a sama, ka ba ta ruwa amma ban da abinci, don mai yiwuwa a sa ta barci kafin a yi aiki. Ka gaya wa likitan sa'o'in da ta yi a wayar da duk abin da aka shafa ko aka ba ta, kada ka ɓoye. Ka tambaye shi kuma allurar rigakafin haukan kare ta sauran ukun.