Kafin ka ɗaga bonet, me ka tambayi mai motar?

Wani yaro mai koyon kanikanci a Panteka ta Kaduna ya yi tambaya: "Oga, mutum ya zo ya ce famfon mai ne ya lalace, in canja masa. Na canja, bayan kwana biyu ya dawo yana faɗa, motar tana nan yadda take. In kuma na tsaya yi masa tambayoyi, sai ya ga kamar ban iya aikin ba. Yaya ake tambayar mai mota har a gane ainihin ciwon?"

Yarona, mai mota yakan shigo gareji da abu biyu a bakinsa: abin da ya gani da idonsa, da abin da ya riga ya yanke a ransa. Na biyun yake fara faɗa, domin tun a majalisa wani ya ce masa famfo ne. Kai kuwa na farkon kake bukata. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, amma ba lallai ne ya san ko kwano ne ya huje ko ƙusa ce ta zare ba. Aikin tambayarka shi ne ta mayar da shi daga "famfo ne" zuwa "ga abin da ta yi mini".

Kada ka yi masa musu. Ka ce, "To Alhaji, za mu duba famfon. Amma ba ni labarin ranar da ta fara yi maka haka, kana ina, za ka ina?" Daga nan ka kama bakinka. Nan yara da yawa suke faɗuwa: mutum ya yi jimla ɗaya, sun katse shi, sun ɗauko sifana. Ka bar shi ya kai aya, in ya yi shiru ka ƙirga biyar a zuciyarka. Abin da yake ƙarawa bayan wannan shirun, irin su "af, kuma ranar na sha mai a wurin 'yan bumburutu", sau da yawa shi ne bakin zaren.

Sannan ka kiyayi tambayar da take ɗauke da amsarta. In ka ce "tana yin ƙara in ka taka birki, ko?", zai ce e, ko don kunya ko don a gama da wuri. Ka sa masa magana a baki, kuma kai za ka bi ta ka ɓata. Ka ce, "Me kake yi a daidai lokacin da ƙarar take zuwa?" Haka nan tambaya ɗaya a lokaci ɗaya. In ka jera masa uku, ta ƙarshe kawai zai amsa.

Bayan ya gama labarinsa sai ka fara matsewa, kuma tambayar da ta fi kowacce amfani ita ce mai raba hanya biyu, wadda kowace amsa ta cire maka rabin abubuwan da kake zargi. Ɗauki zafin inji. Kada ka tsaya a "tana zafi". Ka tambaya a ina allurar take hawa. In a cunkoson Kasuwar Barci ne, amma da ya hau titin Zariya ya sake ta sai allurar ta sauko, iska ce ba ta ratsa lagireto a tsaye: ka duba fanka, fyus ɗinta, rile da sansar da take kunna ta. In kuwa cikin gari lafiya lau, sai ya miƙe hanyar Abuja da kaya ko ya kama hawa take zafi, ka nufi lagireton da ya toshe, famfon ruwa, ko tamostat (bawul ɗin da yake sakin ruwa zuwa lagireto) da bai buɗe sosai ba. Ka bi da "ruwa nawa take sha, a kwana nawa?" Mai cewa lita ɗaya duk kwana biyu, kuma ba ya ganin ɗigo a ƙasa, sai ka tambaye shi launin hayaƙinta. Fari mai kauri wanda ba ya yankewa ko inji ya ɗau zafi yana nuna gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa. Farin tururin da kake gani da asuba a hunturu, wanda yake ɓacewa bayan 'yan mintoci, wannan ba komai ba ne.

Shuɗin hayaƙi baƙin mai ne yake ƙonewa, amma a nan ma tambaya ce take gaya maka inda za ka kwance. In da safe ne kaɗai, ko bayan ta daɗe a tsaye, ka zargi robobin bawul. In duk lokacin da aka taka totur ne, ka zargi ringi. Bambancin kuɗin aikin nan biyu ba kaɗan ba ne, kuma "yaushe?" ce ta raba su.

"Ba ta tashi" ita ce maganar da ta fi yaudarar sabon hannu, domin ciwo uku ne da suna ɗaya. Ka ce, "In ka murɗa makulli me kake ji?" Ko inji yana juyawa bai kama ba, ko ƙas-ƙas kawai, ko shiru. In batir ne yake kwana ya mutu, ka tambaya ko an sa mata sabon abu kwanan nan, rediyo ko fitila ko na'urar bin sawu, domin suna iya shan wuta tana ajiye. In tana cikin tafiya fitilar batir ta kama, caji ne. Mitar auna wuta za ta tabbatar maka: lafiyayyen batir a hute yana nuna wajen volt 12.6, in inji na aiki kuma tsakanin 13.5 da 14.5. Rawar sitiyari ma haka: a gudun kilomita 90 zuwa 110 galibi taya ce take son balansin, in sai an taka birki take rawa, faifan birki ne ya karkace.

Da ka yi wa mutumin nan naka na famfon mai irin wannan, da ka tambaye shi ko tana mutuwa ne in ta yi zafi ta tashi bayan ta huce minti 20, ko sai tanki ya yi ƙasa, ko tun ranar da ya sha mai a wani wuri. Amsa ta farko tana iya zama koyil (mai ba fulogi wuta) ko sansar kiranka (mai lura da juyawar inji), ba famfo kaɗai ba. Ta uku kuwa datti ne ko ruwa a tanki, da filta da ta toshe. Sannan ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka saurari kukan famfon na daƙiƙa biyu, ka sa geji ka auna ƙarfinsa kafin ka ce a sayo sabo.

Akwai kalmar da nake so ka rage: "me ya sa". "Me ya sa ba ka duba ruwa ba?" zargi ne, kuma wanda aka zarga kare kansa yake yi, ba ya ba da labari. Ka ce, "Yaushe rabon da a zuba mata ruwa?" Abu ɗaya kake nema, amma wannan ba ta kunyata kowa. Ya fi tsanani in direba ne ya kawo motar maigidansa na tsaye. Ba zai taɓa cewa ya shiga da ita ruwa da damina ba, ko ya ci gaba da tafiya allura na kan ja, alhali Alhaji yana ji. Ka ja shi gefe, ka ce ya zo ku zagaya da ita. A cikin mota, ku biyu, zai faɗa maka. Kuma abin da ya faɗa don gyara ne, kada ka mai da shi tsegumi, in ba haka ba babu direban da zai sake buɗe maka baki. Haka batun wanda ya taɓa ta kafin kai: ka tambayi me aka canja da ranar da aka canja, ka bar zagin aikin ɗan'uwanka. Matsalar da ta fara washegarin wani gyara, a wurin gyaran nan za ka fara lalube.

In Hajiya ce ta kawo, ita za ka tambaya, ba yaron da ya rako ta ba. Wanda yake riƙe da sitiyari kullum shi ya san sautin motarsa.

Kafin ka faɗi kuɗi, ka tambayi abin da yake so da motar. Mai tafiya Kano gobe da iyali, da mai son ta kai shi ƙarshen wata tsakanin Rigasa da Kawo, ba shawara ɗaya za ka ba su ba, ko da ciwon ɗaya ne. Sai dai birki da sitiyari da taya, waɗannan ba a yi musu lallaɓa, ka faɗa masa haka ƙarara. Daga nan ka maimaita masa abin da ka ji: "Wato tana mutuwa in ta yi kamar rabin awa tana tafiya, ta tashi in ta huce, kuma mako biyu ke nan. Haka ne?" In akwai kuskure a nan zai gyara maka, tun ba a kwance ƙusa ko ɗaya ba. Tsoron da kake yi na a ce ba ka iya ba, a daidai nan yake gushewa, domin mutum ya ji ka riƙe maganarsa daidai.

Nan gaba kaɗan za a sa ƙananan yara a ƙarƙashinka. In ɗaya ya zo ya ce "ta ƙi tashi", kada ka karɓe sifanar daga hannunsa. Ka tambaye shi me ya ji, me ya gwada, me mita ta nuna, kuma in zatonsa gaskiya ne wane gwaji ne zai nuna haka. In ya ce koyil ne a mota mai koyil huɗu, ka ce ya musanya shi da na kusa, ya ga ko ciwon zai bi koyil ɗin zuwa ɗayan silindar.