Maigida ke neman takardar, ba ɗan aiki ba

Wani ɗan'uwa da ke aiki a gonar dankali a jihar North Carolina ta Amurka ya rubuto cewa maigidansa, wani dattijo Ba'amurke, ya yarda ya ɗauko ƙanin ɗan'uwan daga gida don aikin kaka. Sai dai dattijon ba ya shiri da kwamfuta, ta gidan waya yake son aika takardar neman izinin kawo ma'aikacin. A can gida kuma wani dillali ya ce wa ƙanin ya kawo kuɗi, shi zai cike fom ya tura.

To ɗan'uwa, ka bugo wa ƙaninka waya yau, ka ce kada ya ba kowa ko sisi. Wannan takarda ba ta ma'aikaci ba ce. Mai gona ne ke nemanta daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Amurka, yana shaida cewa ya nemi ma'aikata a cikin ƙasa bai samu isassu ba, kuma kawo baƙo ba zai karya albashin 'yan ƙasa ba. Doka ma ta hana a karɓi kuɗin neman aiki daga hannun ma'aikacin. Dillalin nan cinikin biri a sama yake son yi da ku.

Aikin gona na ɗan lokaci shi ake kira H-2A. Maigidanka zai fara shigar da bayanin aikin a fom ETA-790A tsakanin kwana 75 zuwa 60 kafin ranar da yake buƙatar ma'aikata, sannan fom ETA-9142A aƙalla kwana 45 kafin ranar. Yanzu ta intanet ake yi, a shafin da ake kira FLAG. Gidan waya rangwame ne ga wanda ba shi da hanyar intanet mai kyau, ko mai wata nakasa, kuma dole ya haɗa da rubutaccen dalili. In ya aika babu dalili, ambulan ɗin zai dawo masa ba a duba ba, kwanaki kuma sun tafi. "Ba na son kwamfuta" kuwa, ni dai ban ga ya isa hujja ba. Gara ka zauna kusa da shi ku cike tare, ko ya ba lauya ko ƙungiyar manoman yankinsu. Idan dai aikawar ce, ya sa hannu da alƙalami, ya ajiye kwafin komai, ya yi rajistar wasiƙar don a san ranar isarta, adireshi kuma daga shafin ma'aikatar za a ɗauka, ba daga tsohon fom ba.

Ka kuma gaya wa maigidanka nauyin da zai ɗauka tun yanzu: masauki kyauta, kuɗin tafiya, da tabbacin biyan kashi uku cikin huɗu na lokutan aikin da aka rubuta ko da ruwa ya hana aiki. Wasu a nan suke ja da baya.

Samun takardar ba biza ba ne. Daga nan sai maigidan ya shigar da fom I-129 a hukumar shige da fice ta USCIS, sannan ƙaninka ya je ganawa a ofishin jakadanci ya gamsar da su cewa zai koma gida in aiki ya ƙare. Ƙa'idojin biza ga ƙasashenmu suna yawan sauyawa, don haka ku duba shafin ofishin jakadancin tun kafin dattijo ya kashe ko dala ɗaya.