Tambaya da Amsa: Wane Baƙin Tabarau Ya Dace da Mai Gudu da Hawan Keke?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Nakan fita gudu da safe, ranakun hutu kuma in yi doguwar tafiya a keke har rana ta take. Na sayi tabarau baƙi ƙirin, amma in na dawo sai idona ya yi ja yana yaji, ga shi da na fara gumi sai ya riƙa zamewa daga hancina. Wanda ya fi shi duhu zan nema? Kuma da gaske ne wanda aka rubuta wa Polarized ya fi kowanne kare ido?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. A'a, kada ka nemi wanda ya fi duhu, don ba duhun gilashi ke kare ido ba. Abin da ke cutar da ido a rana wani haske ne da ba a ganinsa, wanda ake kira UV. In aka daɗe ana shan sa shekara da shekaru, yana taimakawa wajen kawo yanar ido, da wata tsoka da kan tsiro daga farin ido tana rarrafawa zuwa baƙinsa. Gilashi na iya zama garau ya tare wannan haske, wani kuma ya yi baƙi ƙirin ya bar shi ya wuce. Na biyun nan ne nake ji maka tsoro, domin in ido ya ji duhu sai ƙofar da haske ke shiga ta ƙara buɗewa. Ka ga an buɗe wa ɓarawo ƙofa ke nan, mai gida kuwa yana zaton ya kulle.

Saboda haka abin da za ka fara nema shi ne alamar UV400, wato gilashin na tare hasken har zuwa nanomita 400 (ma'aunin da ake bambanta nau'o'in haske da shi), nau'in UVA da UVB duka. Sai dai kowa na iya manna takarda. In kana shakkar wanda ke hannunka, ka kai wa masu gwajin ido, da yawansu suna da 'yar na'urar da ke aunawa nan take. Kuma kada ka ajiye shi don ka ga gajimare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 80 cikin 100 na wannan haske na iya ratsa gajimare maras kauri, kuma ƙarfinsa na ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100 a duk hawan mita 1,000.

Shi duhu aikinsa rage kashe ido, kuma an kasa shi mataki 0 zuwa 4, galibi za ka ga lambar a cikin hannun tabarau. Mataki na 3 yana barin kashi 8 zuwa 18 cikin 100 na haske ya wuce, shi ne na rana tsaka. Na 4 na masu hawan manyan duwatsu da ƙanƙara ne, ba a tuƙi da shi, ni kuwa ko keke ba zan yarda ka hau titi da shi ba. Tunda kana fita da sanyin safiya ka kai rana, mai sauya duhu da kansa zai yi maka, amma ka sani ya fi saurin yin duhu a kan washewa.

Batun Polarized kuwa, aikinsa kashe ƙyallin da ke tasowa daga ruwa ko kwalta. Ga mai kamun kifi ko tuƙa kwale-kwale babu kamarsa. Amma shi kaɗai ba kariyar UV ba ne, dole ka ga alamun biyu. A keke ma ni ban cika son sa ba: yakan dusashe fuskar waya da agogon auna gudu, kuma ƙyallin nan da yake kashewa wani lokaci shi ke nuna maka inda hanya ta jiƙe. Wajen launi, ruwan toka ba ya sauya kamannin abubuwa, ruwan ƙasa kuma ya fi fito da rami da tudu, shi ya sa na fi zaɓar wa mai keke shi.

Abin da mutane suka fi mantawa, kuma ya fi damuna, shi ne faɗuwa. Tabarau na kwalba in ya fashe a fuska yana iya raba mutum da idonsa. Ka nemi na robar polikabonet, ba nauyi kuma yana jure bugu, da firam na roba maimakon ƙarfe.

Jan idonka, ina kyautata zaton iska da ƙura ne ke shiga ta gefe suna busar da shi. Ka sami mai lanƙwasa da ya rungumi fuska har gefen ido, mai danƙo a kan karan hanci da bayan kunne, mai 'yar kafar iska don kada ya yi suraci. Kafin ka biya, ka sa shi, ka sunkuya ka girgiza kai, ka ɗan yi tsalle. In ya motsa a busasshiyar fuska, to a gumi zai faɗi. Ka kuma sa hular kwanonka tare da shi, ka duƙa kamar kana riƙe da kan keke, ka ga ko saman firam ɗin na tare maka hanya.

In ka sauya tabarau amma jan idon bai daina ba, ko ya zo da ciwo, ko ka fara gani dishi-dishi, ka je wurin likitan ido. Kada ka sayi maganin ɗigawa da ka, musamman mai sitiroyid, don yana iya ɗaga matsin ido ba tare da ka ji komai ba.