Na haddace salo da yawa, me ya sa har yanzu nake ajin tagulla?

Tambaya: Ina karatu a Ingila, kuma ina zuwa ajin rawar wals, wadda ake yi bibbiyu. Na haddace salon taku kusan ashirin, amma malamarmu ta ƙi ciyar da ni gaba. Da me ake auna matakin mai rawa?

Amsa: Ɗan'uwa, hadda ba ta ciyar da mutum gaba a wannan rawar. A tsarin Ingila, irin na hukumar malaman rawa ta ISTD da aka kafa a 1904, matakan su ne tagulla, azurfa, zinariya, sannan buɗaɗɗen aji, inda ba a ƙayyade salo. Kowane mataki da jerin takunsa, amma idon mai jarrabawa yana kan yadda aka taka su.

Fara da kiɗa. Wals bugu uku ce, ana maimaita ta sau 28 zuwa 30 a minti. A juyin dama, jagora, wato wanda ke jan ragamar rawar a cikin mutum biyun, yana shiga bugun farko da diddigen ƙafar dama, ya fara ɗagowa a ƙarshensa, ya yi na biyu da na uku a kan yatsu, sai a ƙarshen na uku ya sauke diddige. Ɗan tagulla yakan ɗago da wuri ko ya faɗo dim a na uku, domin gwiwarsa a sandare take, ba ta karɓar nauyin jiki. Wannan kaɗai ya isa a riƙe mutum.

Sai riƙo. Hannunka na dama yana kan allon kafaɗar hagu ta abokiyar rawarka, ita kuma tana ɗan karkace zuwa damarka don gwiwoyinku su wuce juna. Da an gaji, gwiwar hannu takan zube, jagora ya koma fizgar abokiyar rawa da hannu, alhali daga ƙirji da sauyin nauyi saƙon yake fitowa. Masu jagora da hannu sukan yawaita salo, abin mamaki, saboda suna rufe gurbin da ƙyale-ƙyale.

Akwai kuma sanin fili: ana zagaya ɗaki saɓanin tafiyar agogo, kuma ɗan azurfa yana iya sauya salo nan take idan an tare masa hanya.

A gasa lissafin daban ne. Jamus, alal misali, tana da aji D, C, B, A da S, ana hawa da maki. A rukunin da wals take, ɗan D rawa uku yake yi, sai a B ake cika biyar.

Ga gwajin da za ka yi wa kanka. Nemi wadda ba ku taɓa rawa tare ba, ku yi minti ɗaya da rabi da juyin dama, juyin hagu da takun sauya ƙafa kawai, ba magana, ba kallon ƙasa. A ɗauke ku bidiyo da waya. Idan ta riƙa canki-canka kan inda za ka nufa, ko kuka saɓa wa bugun farko, kai wa malamar bidiyon ta nuna maka wurin gyara.