Ajiye tsumman nan tukuna

Jiya ka tambaye ni, da ka ga zanen basaraken nan da aka kawo mana daga Daura, me zai hana mu sa tsumma da ruwan sabulu mu goge shi ya dawo fes. To, saurara, ɗana.

Duhun da kake gani hawa-hawa ne. Na sama ƙurar hunturu ce da hayaƙin itace, wannan yana fita. A ƙarƙashinsa akwai man ƙyalli da mai zanen ya shafa bayan fenti ya bushe. Shi ne ya tsufa ya koma kalar zuma, har farin rawani ya zama kamar an tsoma shi a shayi. Can ƙasa sai fentin kansa, shi kuwa ba mu da hurumin taɓa shi. Sabulu ina ya san iyakar wannan da wancan? Ga ruwa kuma, ta tsagogin fentin nan yake bi ya jiƙa ƙyallen da aka yi zanen a kai, ƙyalle ya tsuke, fenti ya ɗaɗɗago kamar ɓawon soyayyar gyaɗa.

Kada ka raina man nan. Akwai wani zane na 1642 a Amsterdam, na Rembrandt, shahararren mai zanen ƙasar Holan, shekara da shekaru ana ce masa na masu sintirin dare, sai da aka cire tsohon man aka ga ashe da rana abin ya faru. A Sifen kuma, a 2012, wata tsohuwa a garin Borja ta ce bari ta gyara zanen bangon cocinsu. Niyyarta mai kyau ce, amma fuskar da ta fito ta sa duniya ta sha dariya.

Fara ɗaukar hoton zanen namu da waya. Sannan ka haska tocila daga gefe, a kwance, ka ga inda fenti ya ɗago. Can ko burushi kada ya je. Naɗa auduga a tsinke ka jiƙa da yawu. Daina dariya, manyan gidajen tarihi na Turai ma suna yi. Ka mirgina ta a hankali a kusurwar ƙasa, wurin da bai wuce faɗin farce ba, ban ce ka goga ba. Duba audugar. In toka-toka ce, datti ne, ci gaba. In ka ga ko ɗigon ja ko shuɗi, tsaya cak ka kira ni.

Man ƙyallin kuwa, bana ba za ka taɓa shi ba. Kuma ɗauke zanen daga bakin tagar nan, tun hantsi rana ke dukansa.