Makarantar da aka ba maki 3 cikin 10

'Yar'uwa, na ga tambayarki: maigida ya samu aiki a wani ƙaramin gari a Amurka, makarantar gwamnati ta 'yan aji 6 zuwa 8 ɗaya ce tal a garin, shafin GreatSchools mai ba makarantun Amurka maki ya ba ta 3 cikin 10, kina shawarar ko ku canza gari. Ni ma ranar da na ga makin tamu ban yi barcin kirki ba, amma 'yata ta yi shekara uku a can lafiya lau.

Makin nan ya fi dogara da jarrabawar jiha. Dokar tarayya ta tilasta a gwada yara a karatu da lissafi duk shekara daga aji 3 zuwa 8, dokar 2002 ce ta kawo haka, dokar 2015 ma ba ta cire ba. To duba su wa ke rubutawa. Garuruwa irin Storm Lake a Iowa ko Fort Morgan a Colorado, kamfanin nama ne ya tara mutane: 'yan Meziko, 'yan Guwatamala, 'yan Afirka, kowa da yarensa. Yaron da ya iso bara, Turancinsa bai nuna ba, shi ma ana iya haɗawa da sakamakonsa. Dole maki ya sauka ko da malamai na iya ƙoƙarinsu.

Ki shiga shafin hukumar ilimi ta jihar ki nemi rahoton makarantar. Akwai kason yaran da ke cin abincin rana kyauta ko da rangwame, da shi ake auna talaucin iyaye, akwai kason masu koyon Turanci. Amma abin da na fi so ki duba shi ne ci gaban yara daga bara zuwa bana. Nan ake gane aikin malami.

Inda na kusa tafka kuskure shi ne wajen rajista. Suna ba da takarda ana tambayar yaren gida, na rubuta Hausa. Sai aka yi wa yarinyar gwajin Turanci, ita da ta gama firamare da Turanci a Kano! Ta ci, amma kafin sakamako ya fito an riga an jefa ta ajin lissafi na baya. Wata guda ina sintiri ofis da sakamakonta na gida a hannu kafin a mayar da ita. Ki rubuta gaskiya, amma ki tsaya a kan maganar lissafi, ki tambaya ko suna koyar da aljebra a aji 8, don wasu ƙananan makarantu ba su da malamin.

Ajin su 'yata bai cika ba, shugabar makarantar har sunana ta sani. Sai dai jadawalin abinci, ki riƙa dubawa duk wata, naman alade na yawan fitowa. Irin ranakun nan kula nake zuba mata ta tafi da abinta.